Gargaɗi: ɗan damfara ya cinye mini yuro 1,250 da sunan gidan haya a Arkashon

Jama'a assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai sai na faɗa, don cikina ya ƙi sanyi.

Yuro 1,250. Ga 'yan gida, sefa wajen dubu 820 ke nan. Kuɗin da na tara tun watan Janairu, ina aikin dare, don in kai iyalina Arkashon, wani garin bakin teku a Faransa, sau ɗaya, su ma su samu abin faɗa idan an koma makaranta. Wani mutum da ban taɓa ganin fuskarsa ba ya haɗiye su.

Kuma kada wani ya ce mini ai sakaci ne. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a Sen-Deni, gefen Paris. Ni nake cika wa mutane takardu, ni nake ce wa sababbin zuwa kada su tura wa kowa kuɗi. Na duba! Na sa adireshin a taswira, ginin yana nan, har koren ƙyauren tagar da ke cikin hoto na gani. Ya turo mini yarjejeniya shafi uku da sa hannu, ya turo hoton katin shaidarsa gaba da baya. A ofishin 'yan sanda ne aka ce mini katin ma ƙila na wani bawan Allah ne da aka yi wa irin abin da aka yi mini, ni kuma ga shi na tura masa nawa. Wannan ma wani ciwon ne daban.

Mun sauka tashar jirgin ƙasa ta Arkashon ran Asabar da azahar, don a can haya daga Asabar zuwa Asabar ake yi a watan Agusta. Awa biyu da 'yan mintoci daga tashar Monparnas ta Paris zuwa birnin Bordo, sai ƙaramin jirgi kusan minti hamsin. Ni, matata, yara uku, da Yayata da ta zo ziyara daga Damagaram. Akwati huɗu, har da kular dambu da ta kwana tana yi. Amma bari in koma baya, don tun Juni abin ya fara, ko ƙarshen Mayu, zan duba wayar.

A wani rukunin Facebook na masu ba da hayar hutu na ga tallar. Ɗaki biyu da falo, kusa da unguwar Mullo, yuro 950 a mako. Na san da araha, amma ba arahar da za ta sa mutum ya gudu ba ce. Ya ce wasu ne suka fasa zuwa. Na kira shi, ya ɗauka. Wannan kiran ne yake hana ni barci. Murya ta dattijo, a natse, ba gaggawa. Ya tambaye ni yara nawa ne, shekarunsu nawa. Da na ce ƙaramar shekararta huɗu, sai ya ce to ku tsaya bakin ruwan Perer, cikin gaɓar ruwan kwance yake, kada ku kai su ɓangaren babban teku, akwai igiya mai jan mutum. Ya ce ku duba lokacin cikowa da janyewar ruwa, don idan ya janye sai kun yi tafiya kafin ku taɓa shi. Ya ce tudun rairayi na Pila ku hau da safe, da rana yashin yana ƙona ƙafa. Ya ce zai ajiye wa yarinyar gadon naɗewa.

Gadon naɗewa! A nan na sake jiki. Na ajiye waya na ce wa matata, “Wannan mutumin kirki ne.” Ni da bakina. Kuma duk abin da ya faɗa a kan garin gaskiya ne, shi ne abin da ya fi ba ni haushi. Wane ɓarawo ne zai damu da ƙafar 'yarka?

Na tura 350 na kafin alƙalami. Bayan mako uku ya ce wasu suna son gidan, in cika 600. Na cika. Saura kwana huɗu mu taso ya ce a ba da 300 na ajiya ko za a fasa wani abu, za a maido ranar fita. 350, 600, 300. Yuro 1,250. Lambar asusun ba da FR ta fara ba kamar ta asusun bankunan Faransa, sunan kuma ba nasa ba ne. Na tambaya fa, ba wai ban lura ba. Ya yi dariya ya ce na matarsa ne. Ita kuwa tawa matar tun a na biyun ta ce, “Baban yara, anya kuwa?” Na ce ta bar ni na san abin da nake yi.

Da muka isa ƙofar, wata tsohuwa ce ta buɗe, riƙe da ƙaramin kare. Tun kafin in gama magana ta girgiza kai. Ta ce gidan nata ne, ba ta taɓa ba da shi haya ba, mu ne iyali na uku da suka zo mata da akwatuna. Ta kawo wa yara ruwa. Na kira lambar sau goma sha bakwai ina tsaye a titi. Saƙon WhatsApp alama ɗaya, hoton ya ɓace. Mutumin da ko da safiyar ranar ya rubuto mini a sauka lafiya. Babban ɗana ya ce, “Baba, ina makullin?” Yaya ba ta ce komai ba, ta zauna kan akwati ta fara jan carbi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Garin a cike yake, babu ɗakin da aljihuna zai ɗauka. Muka koma Bordo muka kwana biyu a wani ƙaramin otal, mu shida ɗaki biyu, wani kuɗin kuma. Ran Lahadi na dage muka dawo muka hau Pila ɗin, don yara. Ya fi mita 100 tsawo, babu tudun rairayin da ya kai shi a Turai, teku ta gaba, ta baya kuma dajin da gobarar 2022 ta ci. Yara sun yi ta birgima. Yaya ta tsaya a tsakiyar matakala tana haki ta ce, “Ƙanena, daga Damagaram ka ɗauko ni ka kawo ni kallon yashi?”

Banki sun ce ni na tura da hannuna, za su nemi a maido amma kada in sa rai. Na kai ƙara, na kuma cika ta intanet a THESEE, shafin hukuma na kai ƙarar damfarar intanet. Har yau shiru. Hotunan hirarmu, rasit uku da yarjejeniyar duk suna nan, zan ɗora su da daddare idan na rufe lambar katina. Jiya na sake ganin hotunan gidan da wani suna, an ce wai a Ruwayan yake, wani garin bakin teku daban.

Kada ku tura kuɗi asusun da sunan ya bambanta. Ku ce a nuna muku cikin gidan ta kiran bidiyo, in ya ƙi ku bar shi. Kada ku tura katin shaidarku. Duk wanda ya biya mutumin nan ya yi mini magana ta akwatin saƙo, mu haɗa ƙarar wuri ɗaya.