Wane itace ya kamata a saya a dasa wa mamaci sadaka a Zariya?

Ruwan farko da ke sauka a Zariya ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu yana ruɗin mutane. Ƙasa ta yi ƙamshi, masu sayar da dashe sun jera baƙaƙen ledoji a bakin titi, sai 'yan'uwa su ce a dasa wa Baba ko Inna itace ya zama sadaka mai gudana. Niyyar tana da asali. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Sa'ad bn Ubada kuma, da mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari, ya tambayi Annabi (SAW) ko sadaka za ta amfane ta, aka ce masa za ta amfane ta, sai ya ba da lambunsa sukutum. Sai dai ruwan Mayu yakan ɗauke sati biyu ko uku, rana ta dawo da zafin bazara, dashen da aka yi cikin ɗoki ya ƙone. A yi amfani da Mayu wajen zaɓe da haƙa rami, a dasa cikin Yuni in damina ta zauna. Kada a wuce tsakiyar Agusta, don saiwa tana bukatar wata biyu zuwa uku na ruwa kafin hunturu.

Kafin a taɓa aljihu, a amsa abu biyu: ina itacen zai tsaya, kuma wa zai ba shi ruwa daga Nuwamba zuwa Afrilu? Zariya na samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, amma kusan duka cikin wata biyar yake zuba. Mafi yawan itatuwan sadaka da suka mutu ba cuta ce ta kashe su ba, ƙishirwar ranin farko ce da bakin akuya.

Mangwaro ne mutane suka fi nema, kuma a kansa aka fi yin asarar kuɗi. Iri biyu ne a kasuwa: mai aure da na ƙwallo. Mai aure shi ne wanda aka yanko reshen itace mai kyawun 'ya'ya aka haɗa a kan ƙaramin dashe na gida. Yana fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, ba ya yin girman da zai cinye tsakar gida, kuma abin da aka ce maka zai haifa shi zai haifa, in dai mai sayarwar ya faɗi gaskiya. Irin mai aure da ake kira Juli ya fi kowanne dacewa da gida mai ƙaramin fili saboda gajarta. Na ƙwallo ya fi araha nesa ba kusa ba, ya fi jure wahala, ya fi daɗewa a duniya, amma sai an jira shekara 6 zuwa 8, kuma yana zama ƙato. Irin wannan na filin makarantar allo ne, ko harabar masallaci, ko gona, inda inuwa da yawan 'ya'ya suka fi zaƙi muhimmanci. Kowanne aka ɗauka, a bar masa aƙalla mita 7 daga harsashin gini, rijiya da ramin masai. Fili mai ƙafa 50 da 50 da aka cika da gini ba shi da wurin mangwaro, ko da ran mutum yana so.

Akwai hanya ta uku da iyalai da yawa ba su sani ba. In a tsohon gidan gado akwai mangwaron da marigayin ya dasa da hannunsa, ko wanda yake shimfiɗa buzu a ƙarƙashinsa bayan la'asar, ana iya yanko rassansa a kai wa mai auren itace ya haɗa. Reshen ya kasance mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, idanunsa sun kumbura amma ba su fashe ba. A cire ganyen, a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma, a kai a ranar. Abin da zai fito ba mai kama da itacen Baba ba ne, shi ne ɗin, da zaƙinsa da ƙamshinsa. A yanko biyar ko shida don ba duka ke kamawa ba, kuma kowane ɗa zai iya samun nasa a gidansa.

Wajen saye, kada a tsaya kallon ganye. A durƙusa a duba kara. Wurin aure yana nan kamar taƙi ɗaya sama da bakin leda: tabo ne mai ɗan kumburi, wani lokaci a karkace, ɓawon sama da na ƙasa sun ɗan bambanta launi. In babu tabon, na ƙwallo ne, ko an ɗaura masa farar leda don ado. A ɗaga ledar kuma. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, dashen ya daɗe a wurin, an tsinke masa uwar saiwa, zai yi yaushi kwana uku bayan an kai gida. Mai tsawon santimita 40 zuwa 60 ya fi wanda ya kai ƙirji a ƙaramar leda, don shi babban dashen, saiwarsa ta riga ta nannaɗe kamar gammo, kuma haka za ta zauna a rami. Mai saye kan ɗauka babba ya fi, mai sayarwa kuwa ba zai hana shi ba.

Gwaiba ce zaɓin da ba a cika yaba wa ba, alhali ita ta fi dacewa da yawancin gidajen Tudun Wada, Sabon Gari da cikin birni. Mita 4 daga bango ya ishe ta, tana haihuwa a shekara 2 zuwa 3, tana jure ƙasa mai marmara, kuma ko an manta da ita sati guda a rani ba ta fushi. Yara da tsuntsaye ba sa barin ta, wanda shi ne abin da ake nema. Aibinta tsutsa: wani ƙuda ne ke saka ƙwai a cikin 'ya'yan da suka fara nuna. Maganin da ya fi sauƙi shi ne tsince duk wadda ta faɗi a binne ta da zurfi, kada a bar ta ta ruɓe a gindi.

Lemu kuwa ɗan gata ne. Lemun zaƙi mai aure yana yi a Zariya, amma yana son ruwa duk rani, kuma in ruwan ya kwanta a gindinsa sai ɓawon ya tsage ya riƙa fitar da ɗanko, itacen ya bushe a tsaye. Hakan na faruwa ne idan an binne wurin auren ko an yi masa kwarin tara ruwa a jikin kara. Gidan da ke da rijiya ko burtsatse da mai kula kullum zai iya ɗauka. Wanda ke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, gara ya ɗauki lemun tsami, ya fi ƙarfin hali kuma makwabta ba sa rabuwa da roƙonsa.

Zogale da gwanda na masu gaggawa ne. Zogale ba sai an saya ba ma: iri ko sandar reshe mai tsawon mita ɗaya ya isa, wata uku ana tsinkar ganye. A riƙa sare kansa daidai ƙirji don ya yi rassa, in ba haka ba ya miƙe sama iskar damina ta karya shi. Ga uwar da aka sani da kwaɗon zogale tana aika wa makwabta, babu abin da ya fi layi guda a bayan ɗaki. Gwanda tana haihuwa kafin shekara ta zagayo, amma akwai namiji da ba ya 'ya'ya, sai an dasa uku a rage, kuma bayan shekara 3 ko 4 ta gama aiki. Su biyun abokan rakiya ne, a dasa su kusa da babban itace su riƙe wurin kafin ya girma.

In inuwa ake so a ƙofar gida, bakin hanya ko inda ake sallar jana'iza, darbejiya ba ta da abokin takara. Ba ta zubar da ganye gaba ɗaya a rani, gara ba ta cika damunta ba, bayan shekara biyu ba ta neman ruwan kowa. Amma saiwarta tana bin danshi har cikin kwata, don haka mita 8 daga gini, kuma ba a ƙarƙashin wayar lantarki ba. Tsamiya ta masu dogon numfashi ce: shekara 8 zuwa 10 kafin a ga 'ya'ya, sai dai jikoki da tattaɓa kunne za su dama kunu da ita. Dabino kuwa, duk da darajarsa a zukata, shi ne zaɓin da ya fi ba da kunya a nan. Wanda aka shuka daga ƙwallo kusan rabi maza ne, ba a ganewa sai bayan shekaru, sannan danshin Zariya ya fi abin da yake so. Ba banza ba aikin binciken dabino na ƙasa yake Dutse ta Jigawa.

Wasu kan so dasawa a maƙabarta. A fara tuntuɓar masu kula da ita da malaman unguwa. Saiwa tana rusa kabari tana kuma cinye wurin da za a bukata gobe, shi ya sa jikin katanga ko bakin ƙofa ya fi tsakiyar kaburbura. Ladan ba ya bukatar itacen ya tsaya kusa da mai shi.

Zazzagawa sun yi sa'ar makwabtaka da Samaru, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da tashar binciken gandun daji suke, don haka masu sanin auren itace ba su yi ƙaranci ba. Ko a ina za a saya, a tambayi mai sayarwa sunan irin da inda uwar itacen take. Wanda ya yi auren da hannunsa zai amsa nan take, ɗan kayi-na-yi kuwa zai ce duk masu zaƙi ne.

Kuɗin dashe shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Rami ya zama ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi. In diga ta ci karo da marmara, a fasa ta, kada a dasa a kanta, don ramin zai zama tukunya a watan Agusta saiwa ta ruɓe. A ware ƙasar sama, a gauraya ta da bokiti biyu na takin shanu da ya ruɓe ya huce. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kiran gara. A yanke ledar da reza ba tare da fasa dunƙulen ƙasar ba, a ajiye shi daidai zurfin da yake a leda, a danne da ƙafa, a zuba ruwa bokiti guda ko da hadari ya haɗo. Takin zamani ya jira sati shida: cikin tafin hannu ɗaya na NPK 15-15-15, a zagaye nesa da kara da ƙafa guda. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon aure a cire shi, in an bar shi zai rinjayi na sama a koma mangwaron gida. Furen shekarar farko ma a tsinke, ko da ana tausayi.

Sai kariya da ruwa. Kejin waya ko jerin bulo mai ramuka har tsawon ƙugu dole ne a waje, akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin damina cikin minti biyar. A rani, jarka mai lita 20 sau biyu a sati, sau uku a Maris da Afrilu, wato sama da jarka 60 kafin ruwa ya dawo, kuma haka za a sake a shekara ta biyu. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma a bar taƙi guda tsakaninta da kara, a riƙa dubawa: in an ga jar ƙasa ta hau jikin ɓawo kamar an yaɓa, gara ce, a kankare a barbaɗa toka. Wanda ke Kaduna ko Abuja yana turo kuɗi, ya ambaci sunan mutum ɗaya da ruwan ke wuyansa, don ɗan kowa da kowa ba shi da mai shi.

Abu na ƙarshe da ake mantawa shi ne mallakar wurin. Itacen da ke gidan haya ko gidan da ba a raba gado ba yana iya faɗawa rabon wanda ke son gina shago. In sadaka ce don mamaci, a faɗa a gaban magada tun ranar dashe, ko a kai shi filin masallaci ko makaranta da yardar masu wurin, a rubuta a takarda guda biyu kowa ya riƙe tasa.