Casio fx-991 ko Graph 35 don lissafin jifar abu sama

Hajiya, kin tambaya wace kalkuleta ta fi dacewa da darasin lissafin jifar abu sama. Tsakanin biyun da kika ambata, ƙaramar fx-991ES Plus za ki saya wa yaronki, ki bar Graph 35 mai zana hoto a allo.

Ita ce a hannuna, kuma da ita ƙanwata ta gane darasin nan. A tsakar gidanmu a Birni na sa ta wurga ƙwallon goruba sama tsaye, tana kallon yadda yake rage gudu, ya tsaya kamar an riƙe shi, sannan ya faɗo. Sai muka zauna a tabarma muka ɗauki misali: hannu yana tsayin mita 1,5, abu ya tashi da gudun mita 19,6 a daƙiƙa. Tsayinsa (h) bayan daƙiƙa t shi ne h = -4,9t² + 19,6t + 1,5. Wannan 4,9 rabin 9,8 ne, wato jan da ƙasa take yi wa abu, shi ya sa yake ɗauke da alamar ragi. Da alƙalami ta fitar da lokacin ƙololuwa, 19,6 a raba da 9,8, daƙiƙa 2, tsayi mita 21,1. Sannan, don sanin lokacin da abin zai taɓa ƙasa, ta danna MODE, 5, 3, ta zuba lambobin uku (-4,9 da 19,6 da 1,5), kalkuleta ta ba ta amsa biyu: kusan 4,08 da wata ƴar lamba ƙasa da sifili. Ita da kanta ta ce ta biyun a jefar, don lokaci ba ya komawa baya. Wallahi ranar na ji daɗi har cikin raina.

Graph 35 kuwa tana zana gantsararren layin wannan lissafin, ba laifi, amma ga tsada ga cin pil huɗu. Kuma yara da yawa suna ganin hoton su ɗauka hanyar da ƙwallon ya bi ke nan, alhali ƙwallon sama ya miƙe ya dawo. Layin kwance a hoton na lokaci ne. In dai ganin zanen yaronki yake so, ya sauke manhajar lissafi ta GeoGebra a wayarki, kyauta ce. Sai dai waya ba ta shiga ɗakin jarrabawa, don haka ya saba da takarda da ƙaramar kalkuletarsa tun yanzu.

Don Allah ki kula wajen saye, ko a kasuwar Dole ko a ina. Jabu sun yi yawa, kwali iri ɗaya, sunan Casio a jiki, amma gilashin hasken rana ado ne kawai, maɓallai kuma suna maƙalewa. Ki tafi da yaron, ya buga lambobin da na rubuta a gaban mai shago, ya ga kusan 4,08 ta fito ba tare da allon ya dushe ba. Duk wanda ya hana a buɗe kwali a gwada, ki riƙe kuɗinki ki wuce shago na gaba.