Asibitin ASPCA na Asheville: Fiɗiyar Karnuka da Maguna a Farashi Mai Sauƙi

Wannan asibiti da ke birnin Asheville a jihar Karolina ta Arewa a Amurka ya fara aiki a 1994 da sunan Humane Alliance, kafin ya koma ƙarƙashin ASPCA, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Amurka, a 2015. Babban aikinsa shi ne: fiɗiye maza, cire wa mata mahaifa da kwan haihuwa. Yawan tiyatar da likitocinsa ke yi kullum ne ya sa hannunsu ya faɗa, kuɗin kuma ya sauka.

Kada a yi jinkiri, don mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4.

Ana ɗinke ciki da zare mai narkewa, sai a yi ɗan koren zane kusa da wurin don kada wani likita ya sake yi wa dabbar wannan tiyata.

Matsala takan taso ne a gida bayan tiyata. Dabba ta lashi ɗinkin, ya kumbura ko ya buɗe. A sa mata abin wuyan roba mai kama da mazurari, ban da wanka da tsalle-tsalle har kwana 10. Namiji kuwa yana iya yi wa mace ciki har wata guda bayan fiɗiya, a raba su.

Sai dai ba asibitin kowace cuta ba ne. Dabba mara lafiya a kai ta wurin likitanta.