Ɗigo a Allon Laftof: A Gwada Manhaja Ko A Sauya Allo?

Tambayar nan ba ta ƙarewa: ɗigo ya fito a allon laftof, a gwada manhaja ne ko a sauya allon?

Fara gane irin ɗigon. Buɗe baƙin shafi, sannan fari. In yana haska ja, kore ko shuɗi, ɗaya daga ƙananan ɗigon da ke haɗa hoton allo (pixel) ne ya maƙale a launi ɗaya. In baƙi ne ƙirin a kan fari, yawanci ya mutu, manhaja ba ta tayar da shi.

Manhaja irin JScreenFix kyauta ce: ka ɗora akwatinta mai walƙiyar launuka kan ɗigon, aƙalla minti 10. Ba haɗari, amma ba tabbas, ɗigon ma kan sake maƙalewa bayan ya gyaru. Danna wurin da yatsa kuwa ganganci ne, garin neman gira a rasa ido.

Sauya allo yana cin kuɗi, amma magana ta ƙare. Sai lambar da ke bayan tsohon allon ta dace da ta sabon, haka ma mahaɗinsa, wato inda ake jona wayar allon, mai ƙafa 30 ko 40. A cire batir tukuna, in ba haka ba fiyus ɗin hasken allo na iya ƙonewa.

Mai ɗigo ɗaya mai launi, manhaja ta dace da shi. Mai aikin zane, ko wanda baƙaƙen ɗigo suka taru masa tsakiyar allo, sauyi ya fi masa.