Manhajar duba sanƙo ta hoto: ta iya ƙirga gashi, amma tabo ya wuce ta

Tauraro biyu da rabi na ba wannan manhaja, shi ma rabin albarkacin ƙirgen gashi ne. Wata uku ana gwada ta a kan kawuna iri-iri, na maza da na mata, kuma abin da ta yi a kan kai guda ɗaya ya kusa shafe duk alherin da ta yi a baya.

Hoto biyar take nema: goshi, tsakar kai, gefen dama, gefen hagu da ƙeya. Mai ɗan gilashin ƙara girman nan da ake maƙalawa a kyamarar waya, sai ta ƙara neman na kusa guda biyu a wurinsa, ɗaya daga gaba, ɗaya daga ƙeya. Kafin ka ajiye wayar, ƙirƙirarriyar basirar ta yanke hukunci. Namiji ta ɗora shi a ma'aunin sanƙo na Norwood mai mataki 7, wanda Hamilton ya faro a 1951, Norwood ya gyara a 1975. Mace kuwa ma'aunin Ludwig na 1977 take bi da ita, mai mataki 3.

Kwatanta gaba da ƙeya da take yi, dabara ce ta waɗanda suka san aikin. Sanƙon gado aikin DHT ne, wani sinadari da jiki ke samarwa daga sinadarin maza. Tushen gashin goshi da na tsakar kai suna jin jiki a hannunsa, na ƙeya kuwa ko a jikinsu. Kuma gashin ba faɗuwa yake yi lokaci guda ba. Duk sanda ya zube ya sake fitowa, sai ya fito ya fi siranta, ya fi gajarta, har ya koma ɗan siririn da kaurinsa bai kai milimita 0.03 ba. Shi ya sa likitan fata idan ya ɗora madubinsa mai ƙara girma yake neman bambancin kauri: a namiji, idan siraran sun haura kashi 20 cikin 100, an kama hanya. Yana kuma duba ƙofar gashi. A kai mai lafiya, sili biyu ko uku ne ke fita ta ƙofa ɗaya, a kan da sanƙo ya fara ci kuwa sai ka ga sili ɗai-ɗai, kamar an yi roro. Wannan ƙirgen, manhajar ta iya shi. A namiji mai miƙaƙƙen gashi, an yi aski ƙasa-ƙasa, haske mai kyau, abin da ta faɗa bai yi nisa da abin da ido mai horo ya gani ba. Har launi take sa wa kowane sili, kore ga mai kauri, ja ga siriri. Abin dai gwanin sha'awa.

To, ga kan da ya ɓata mana tafiya. Mace ce mai naɗaɗɗen gashi, tsakar kanta ya yi fili kamar faɗin tafin hannu, yana faɗaɗa ta kowane gefe. An riga an san cutar kafin a ɗauki hoton, domin an yanki ɗan guntun fata na milimita 4 an kai ɗakin gwaji, sakamako ya nuna zubewar gashi mai barin tabo ce, irin wadda likitoci ke kira CCCA, wadda ta fi kama mata baƙaƙen fata kuma daga tsakar kai take farawa. Da izininta aka ɗora hotunan, don a ga me manhajar za ta ce. Ta ce sanƙon gado ne na mata, Ludwig mataki na 2, ta rubuta cewa tana da tabbaci sosai, ta kawo shawarar a fara shafa maganin Minoxidil a dawo a sake hoto bayan wata shida.

Wata shida! Cutar nan kumburi ne ke cin tushen gashi a ƙarƙashin fata, duk tushen da ya ci sai tabo ya maye gurbinsa, kuma inda tabo ya zauna gashi ya tafi ke nan har abada. Ba maganin shafawa da zai dawo da shi. Abin da ake yi shi ne a yi sauri a kashe kumburin, da allurar da ake yi a fatar kai ko wasu magungunan da likita kaɗai ke rubutawa, don a ceci abin da ya rage. Wanda ya ce wa mai wannan cuta ta jira rabin shekara, ya ba ta lokacin da za ta ƙara asarar wani zagayen gashin ne kawai.

Abin takaicin, alamun suna nan ɓaro-ɓaro a hoton kusa da manhajar da kanta ta nema. Fatar ta yi sumul tana sheƙi, ƙofofin gashi sun shafe a wurare da yawa, kamar ba a taɓa yin gashi a wurin ba. A sanƙon gado ƙofar tana nan, sai dai abin da ke fita ta cikinta ya ƙanƙance. Ga kuma ɗan zobe fari-fari mai ruwan toka a gindin silin da suka rage, wanda yana daga manyan alamun wannan cuta. Manhajar ta ƙirga silin da ta gani, ta ga sun yi kaɗan a tsakar kai, sun yi yawa a ƙeya, shi ke nan ta rufe littafi. An sake hoton sau uku, da hasken taga, da fitila, da gilashi mai ƙara girma ninki 10. Amsa ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda ake horar da irin waɗannan manhajoji. Aljihun da aka ɗinka mata su ne Norwood da Ludwig da "lafiya lau". Duk kan da ka ba ta, dole ta cusa shi a ɗaya daga ciki. Babu aljihun "wannan ba irin nawa ba ne, a je a ga likita". Kuma ba ta tambayar komai sai shekaru da jinsi. Da ta tambaya ko wurin yana ƙaiƙayi, ko yana zafi idan an taɓa, da an ce mata e. Da ta tambayi wata matar ko ta haihu ko ta yi zazzaɓi mai tsanani wata biyu ko uku da suka wuce, da ta gane zubewar nan ce ta ɗan lokaci, wadda yawanci take tsayawa da kanta. Haka mai gashin da ɗaurin kitso mai tsauri ya cinye wa gefen goshi, ita ma sanƙon gado aka lanƙaya mata, alhali ga siririn layin gashi nan ya rage a bakin goshin, alamar da ke nuna ja ne ya yi ɓarnar.

Ko a inda ta ƙware, sai an lallaɓa ta. Kai ɗaya, rana ɗaya, ta ce Norwood 2 da busasshen gashi a hasken taga, ta ce Norwood 4 bayan an jiƙa shi an kunna filasha. Ruwa da mai suna haɗe sili wuri ɗaya, fata ta bayyana, filasha kuma ta sa fatar sheƙi, sai manhajar ta ɗauka fili ne. Amosani ma yakan rikita ta, ta ƙirga ɓawo a matsayin toshewar ƙofa. Naɗaɗɗen gashi kuwa wani ciwon kan ne daban: silinsa ba kewayayye ba ne, a ɗan baje yake, don haka sili ɗaya idan ya juya gefe sai ya zama siriri, ya juya fuska ya zama mai kauri. Jan launi ya yi ta yawa a kan da bai da matsala.

Duk da haka ba zan ce a goge ta ba, ga mutum ɗaya: wanda likita ya riga ya tabbatar masa sanƙon gado ne, ya fara magani, yana son ya san ko yana aiki. Madubin ɗaki ba ya nuna canjin wata uku, ita tana nunawa, muddin an kiyaye ƙa'ida. A wanke kai a bar shi ya bushe, ba mai ba komai. Tsayin gashi iri ɗaya, tsaga a wuri ɗaya, taga ɗaya, lokaci ɗaya na yini, filasha a kashe, tazarar waya da kai kada ta canja. Hoto sau ɗaya a wata uku ya wadatar. Mai yi kullum wahalar da kansa kawai yake, domin zubar sili 50 zuwa 100 a rana abu ne na kowa. A nan har na so in ƙara mata tauraro ɗaya.

Sai na sake duba shafin shawararta, raina ya sake ɓaci. Ta ambaci Minoxidil ba ta ce a makonnin farko gashi kan ƙara zuba kafin ya tsaya ba, wanda shi ne ke sa mutane da yawa su jefar da kwalbar a daidai lokacin da ta fara aiki. Ba ta ce idan aka daina shafawa abin da aka samu zai koma ba. Ta ambaci ƙwayar Finasteride ta miligiram 1 ga maza, amma gargaɗin cewa mai juna biyu kada ta sha, kada ma ta taɓa fasasshiyar ƙwayar, sai ka gangara can ƙasa, da rubutu ƙanana kamar tururuwa. A wurin ne ma masu manhajar suka ɓoye layin da ke cewa wannan ba hukuncin likita ba ne, bayan a sama sun rubuta sunan cuta da manyan baƙaƙe.

Hotunan matar nan mai CCCA kuma, an nemi maɓallin goge su daga rumbunsu an rasa. An aika musu saƙo sau biyu, da bayanin kuskuren da sakamakon ɗakin gwaji. Amsar da ta dawo ta na'ura ce, tana godiya, tana kuma tunatarwa cewa lokacin sabunta rajista ya kusa.