HC-SR501 a dodon Halloween: tana aiki, amma ganinta ya yi yawa

Duk wanda zai haɗa dodon Halloween irin wanda ake ajiyewa a bakin ƙofa a nan Amurka ranar 31 ga Oktoba, da yara sun zo karɓar alawa ya ɗago kai ya kurma ihu, to sensar da kusan kowa ke fara saya ita ce HC-SR501. Ita na sa a nawa da Arduino Uno, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa dodon, kuma wallahi ta ci kuɗinta, sai dai tana da halin da ya kamata ka sani tun kafin ka biya.

Ba hoto take ɗauka ba, ɗumin jikin mutum take ji in yana motsi. Waya uku ce kawai, ta wutar 5V, ta GND (wato negatif), sai wadda ke kai wa Arduino labari. Ko yau ka fara taɓa irin kayan nan za ka iya jona ta, nan kam na yaba mata.

Matsalar ita ce faɗin ganinta. Tana kaiwa wajen mita 7, ga gefe da gefe sama da digiri 100, wato mutum yana can kan titi da karensa bai ma yi niyyar shigowa ba dodo ya riga ya tashi ya yi ihunsa ya koma, kafin yaran su iso ƙofa sun gama ganin komai, to ina tsoron yake? Abin tsoratarwa ai lokaci ne gaba ɗayansa. Abin da ya gyara min shi ne guntun bututun roba da na zura farin ƙoƙon da ke gabanta a ciki, na murɗa makunnin nisa zuwa ƙasa, sai ta koma ba ta ganin kowa sai wanda ya tako daidai gabanta. Ɗayan makunnin na lokaci ne, daga 'yan daƙiƙu har kusan minti 5, shi ma ka kai shi ƙasa ka rubuta hutun dodon a cikin shirin (code) Arduino, ya fi biyuwa.

In ka kunna ta ka ba ta kamar minti ɗaya ta natsu, a lokacin tana iya ba da labarin ƙarya, ba lalacewa ta yi ba. Kar ka ɓoye ta bayan gilashin taga, ba ta ji ta cikinsa. Sanyin ƙarshen Oktoba yana taimaka mata sosai don jikin mutum ya fi iskar waje ɗumi nesa ba kusa ba, amma wanda zai gwada ta a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato ya sa ran ƙarfinta zai ragu.

Murya kuma DFPlayer Mini, ƙaramar na'urar kunna sauti, na haɗa mata da katin memori da ƙaramar sifika, ba laifi. Injin ɗaga kan ne dai zan ja kunne a kai, SG90 haƙoran roba gare shi, kan kumfa mara nauyi kawai zai iya. In kan dodonka na da nauyi ɗauki MG996R mai haƙoran ƙarfe, ka ba shi wutarsa daban ka haɗa GND ɗinsu, in ba haka ba duk motsin da ya yi Arduino na iya mutuwa ta sake tashi.