Na sayi littafin fatalwa, sai ga shi babu ƙarshen labari

Sati biyar na yi ina jiran littafin nan kafin ya iso hannuna. Kuɗinsa da na aikowa kuwa, kun san yadda dala take, ba sai na faɗa ba. Tarin tsofaffin labaran zane ne na ban tsoro, Tales from the Crypt, waɗanda kamfanin EC Comics na William Gaines ya riƙa fitarwa a Amurka daga 1950 zuwa 1955, wasu suka sake bugawa a haɗe cikin bango mai kauri. A zamaninsu santi 10 yara ke biya su sayi fitowa ɗaya.

Daren da ya iso aka ɗauke wuta, na kunna fitilar waya na kwanta da shi. Gaskiya ban zaci zai kama ni ba, na ɗauka abin yara ne. Kowane labari shafi shida zuwa takwas ne kawai, kuma akwai mai ba da labarin, wani tsoho mai gadin kabari ko wata tsohuwar mayya, da za su buɗe da ba'a su rufe da ba'a. Sai na tuna kakata tana mana tatsuniyar dodo, tana dariya mu kuma muna maƙale da juna. Kusan duk labaran hanya ɗaya suke bi: wani ya ci amana, ya kashe matarsa ko abokin kasuwancinsa saboda dukiya, ya binne ya koma gida yana murna, can sai gawa ta tono kanta ta biyo shi. Alhaki kwikwiyo. Ka san abin da zai faru, amma sai ka ga kana ɗokin ganin ta yaya. Zanen Graham Ingels shi ya fi tayar mini da tsikar jiki, fuskokin mutanensa kamar kakin da ya soma narkewa, har masu rai ma kamar sun kwana biyu a ƙasa.

To, ina tsakiyar littafin, wajen ƙarfe ɗaya na dare, labari ya kai inda mugun ya ji ana jan ƙafa a bakin ƙofarsa. Na juya shafi. Me zan gani? Labarin da na gama karantawa ɗazu, ya sake dawowa. Na koma baya, na ƙirga, na haska lambobin shafi. Shafi 16 cur aka maimaita wajen ɗinkin littafin, 16 na gaskiya babu su. Ƙarshen wannan labarin ya tafi, na gaba da shi ma an cinye shi gaba ɗaya. Wanda bai san irin waɗannan labaran ba zai ce ai shafuka kaɗan ne. Ina! Duk daɗin yana zanen ƙarshe, sauran shimfiɗa ce. Kamar a ba ka tuwo a hana ka miya. Na kwana da haushi, ga shi kuma na kasa fita tsakar gida saboda kunnena na ta jiyo jan ƙafa.

Da safe na rubuta wa mai sayarwa, na tura hotuna. Bayan kwana huɗu ya amsa wai in mayar da littafin da kuɗina sannan su duba. Kuɗin mayarwar ya kusa sayen wani sabo. Na bar shi da Allah.

Da na huce na ci gaba, kuma na ji daɗin sauran, ba zan ɓoye ba. Har na fahimci abin da ya tayar da hankalin iyaye a Amurka. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya dage cewa irin waɗannan littattafai ke lalata yara, kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kai, Gaines da kansa ya je ya kare aikinsa. A shekarar masu buga littattafan suka kafa wa kansu doka, aka hana masu shan jini da masu rikiɗa su zama kyarkeci da gawa mai tafiya. Nan kasuwar ta mutu.

Amma tunda na soma ƙorafi bari in ƙarasa. Launin da suka sake yi da kwamfuta ya yi sheƙi da yawa, takardar kuma sai ƙyalli take a ƙarƙashin fitila. Maƙabarta da tsakar dare ta fito tas kamar hoton biki. Labaran zan ba su biyar cikin biyar, wannan kwafin nawa biyu ma don kunya ne. Idan za ku saya, ku sa a ƙirga muku shafukan kafin ku biya. Wanda kuma yake da cikakke, don Allah ya ɗauko mini hoton shafi 97 zuwa 112.